Murhu Mai Tukunyar Ruwa: Shawarwari ga Magidanta a Birtaniya da Ireland

A ƙauyukan Wales da Scotland, da yammacin Ireland, da lungunan Ingila masu nisa da manyan garuruwa, akwai gidaje da yawa da bututun iskar gas bai kai gare su ba. Wasu da kananzir suke ɗumama gida, wasu da lantarki, wasu kuma da wani murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi da ake girkewa a falo ko a kicin. Murhun yana cin itace, yana cin kwal marar hayaƙi, a Ireland har da baƙar ƙasar fadama da suke yankowa gunduwa-gunduwa su busar. A bayansa da gefunansa akwai aljihun ƙarfe cike da ruwa. Wuta ta ɗumama ruwan, ruwan ya bi bututu ya zagaya radiyetocin ɗakuna, ya kuma ɗumama tankin ruwan wanka.

'Yan uwanmu da aiki ko karatu ya kai irin waɗannan wurare sukan kama haya su tarar da murhun a girke. Da yake da wutar itace muka tashi, sai a ɗauka babu wani abin koyo. Akwai, kuma da rai ake wasa in ba a koya ba. Tukunyar gas tana da makunni: in ruwa ya yi zafi, ita da kanta take mutuwa. Wannan kuwa in kun cika shi da kwal ya kama, babu maɓallin da zai tsayar da shi. Zai ci gaba da zuba zafi a cikin ruwa har abin da ke cikinsa ya cinye, ko lantarki na nan ko an ɗauke, ko kuna falo ko kun yi barci. Mafi yawan abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan gaɓar ya taso.

1. Ku bi bututun da ido kafin ku ƙyasta ashana.

A yawancin gidaje, can saman silin ƙarƙashin rufi, akwai wani ɗan ƙaramin tanki. Shi ke ba murhu ruwa. Wani bututu kuma ya taso daga murhun ya lanƙwaso a bakin tankin, bakinsa a buɗe, babu bawul babu toshi. In ruwa ya yi zafi ya kumbura, ko ya kai ga tafasa, ta nan yake samun mafita. Duk wanda ya toshe wannan bututu ko ya sa masa bawul ya mai da murhun tamkar tukunyar da aka liƙe bakinta ana ta iza mata wuta.

Sai wasu bututai biyu masu kauri, galibi milimita 28, da suka nufi tankin ruwan wanka. A nan babu inji. Ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka da kansa yake hawa, na sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Radiyetocin ɗakuna su ne ke buƙatar injin tura ruwa, kuma wani ɗan ma'aunin zafi da aka ɗaure a jikin bututu shi ke tayar da injin in ruwa ya ɗauki zafi.

Ku ɗauki tocila ku hau saman silin ku duba. Da ruwa a tankin? Ƙwallon da ke tsayar da ruwa yana motsi, ko ya ƙage? An lulluɓe tankin da bututansa da abin kare sanyi? Tankin ya kamata ya zama na ƙarfe, ko wanda aka ƙera don ya jure tafasasshen ruwa, domin robar da ba ta dace ba tana iya yin laushi ta saki ruwan zafi a kan ɗakin da ke ƙasa. In haya kuke, ku sa mai gidan ya tsaya ya nuna muku inda injin yake, inda makunninsa yake, da ranar da aka yi wa tsarin duba na ƙarshe. Haƙƙinku ne, kada kunya ta hana.

2. Akwai radiyeta ɗaya da ba a rufewa.

Galibi a banɗakin sama take. Za ku lura ba ta da abin murɗawa irin na sauran, ko kuwa an ƙulle nata. Da gangan aka yi. Aikinta shi ne ta riƙa zubar da rarar zafi ko da inji ya tsaya. Na san yadda ran maigida ke sosuwa in ya ga banɗaki ya ɗauki ɗumi alhali babu kowa a ciki, amma wannan ba asara ba ce, kariya ce. Kada a rufe ta, kada kuma a tula mata tawul da kayan wanki har ta kasa fitar da zafi.

Ranar da za ku san amfaninta ita ce ranar da aka ɗauke lantarki. Mutane da yawa suna sayen murhun nan da tunanin in guguwa ta katse wayoyi su ba ruwansu. Da gaskiya a ciki, amma rabi. Lokacin guguwar Éowyn, a watan Janairun 2025, gidaje da wuraren sana'a sama da 700,000 ne suka rasa lantarki a Jamhuriyar Ireland, wasu har tsawon kwanaki. A irin wannan hali injin tura ruwa ba ya aiki, radiyetocin ɗakuna sun fita daga lissafi, zafin duka ya koma kan tankin wanka da wannan radiyeta guda. Don haka ƙaramar wuta za a yi, itace ɗaya ko biyu a lokaci guda, a haƙura da cika murhu.

In ruwa ya fara tafasa za ku ji. Da farko ƙara ce siririya a bayan murhu, sai ta koma gurnani, daga nan bututai su fara bugawa a cikin bango, gwaf, gwaf, wani lokaci har a ji ruwa na fesowa cikin tankin sama. Kada a firgita a buɗe ƙofar murhu, iska za a ƙara wa wutar. A rufe duk mashigan iska, a bar ƙofa a rufe, kada a ƙara ko da ƙirare. In akwai lantarki a tabbatar inji na aiki, a buɗe duk radiyetoci. A buɗe famfon ruwan zafi a bar shi yana zuba, a janye yara daga wurin, domin ruwan sanyin da ke shiga tanki zai janye zafi. Ko kusa kada a watsa wa wutar ruwa: ƙarfe mai zafi yana iya tsagewa, tururi kuma ya ƙona fuska.

3. Ba a kunna shi babu ruwa, ba a kunna shi bututu a daskare.

In kun yi tafiya a tsakiyar sanyi kun dawo kun tarar gida ya yi ƙanƙara, ku fara duba tankin sama. In ruwansa ya daskare, ko kuna zargin bututun mafita ya daskare, murhu ya jira. A ɗumama gida da hita ta lantarki tukuna.

Haka nan a tsofaffin gidaje akan sami aljihun ruwa a bayan wurin hura wuta wanda aka daina amfani da shi, aka yanke bututansa aka toshe. Hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan irinsa, domin ragowar ruwan da ke ciki kan zama tururi ya fasa ƙarfen, kuma an taɓa rasa rai ta haka. In kun ga alamar tsohon bututu a gefen wurin wuta, a kira masani kafin a hura.

4. Mai niyyar saye ya dubi lambobi biyu, ba ɗaya ba.

Kowane murhu irin wannan yana da ƙarfin da yake ba ɗaki da ƙarfin da yake ba ruwa. Misali za a rubuta kilowat 5 ga ɗaki, kilowat 12 ga ruwa. Na farkon ya dace da girman falon da za a girke shi. Masu sana'ar sukan ƙiyasta kilowat ɗaya ga kowace kubik mita 14 na ɗaki. Na biyun kuma ya dace da jimillar radiyetoci da tankin wanka. In na ɗaki ya yi yawa, za ku riƙa gumi a falo kafin ɗakunan kwana su yi ɗumi. In na ruwa ya yi kaɗan, za ku yi ta ɗura itace radiyetoci na nan da ɗan ɗumi-ɗumi.

Akwai lissafin da mai sayarwa ba kasafai yake yi muku ba. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafi kimanin kilowat 4 na awa guda. Murhun da zai fitar da kilowat 15, in an cire abin da ke bin hayaƙi, zai ci wajen kilo 5 na itace a kowace awa. Daga la'asar zuwa tsakar dare kun doshi kilo 40. Wani zai ɗauko shi daga rumfa, wani zai zuba, wani zai biya. Ga wanda yake da gona ko hanyar samun itace da araha, abin ya yi. Ga wanda zai riƙa saye ƙulli-ƙulli a gidan mai, a ganina kananzir ma ya fi masa sauƙi.

Tun daga 1 ga Janairun 2022 duk sabon murhun da za a sayar a Birtaniya sai ya cika ƙa'idar rage hayaƙi ta Ecodesign. Wannan ya sa masu tukunyar ruwa sun ragu a kasuwa, na hannu kuma sun yawaita. Na hannu sai an duba aljihun ruwansa da kyau, don daga ciki tsatsa ke cinsa.

5. Girkawa ba aikin "ina da wani abokina da ya iya" ba ne.

A Ingila da Wales aikin yana ƙarƙashin dokar gine-gine. Ko dai ma'aikaci mai rajista, irin na HETAS, ya yi ya ba ku takardar shaida, ko kuwa a sanar da sashen duba gine-gine na ƙaramar hukuma su zo su gani. Ku tambaya musamman ko rajistarsa ta haɗa da murhu mai ruwa, domin wanda ya iya girka murhu zalla ba lallai ne ya iya wannan ba. In gidan yana da tukunyar gas ko ta kananzir ta zamani, wadda ruwanta ke rufe cikin matsi, ba a haɗa ta kai tsaye da murhu. Sai an sa wani babban tankin ajiyar zafi ko na'urar da ke raba tsakaninsu. Ku ajiye takardar, ku kuma sanar da kamfanin inshorar gida.

6. Itace: busasshe, busasshe, busasshe.

In da shawara ɗaya za ku ɗauka a kan makamashi, to wannan ce. Itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In kun sa shi a wuta, zafin da ya kamata ya shiga radiyeta a dafa wannan ruwan yake ƙarewa. Abin da ake so shi ne danshinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. A ƙasarmu rana da iskar hunturu suna gama wannan aiki cikin makonni. A can kuwa, inda ruwan sama ba shi da lokaci, sai itace ya shekara ɗaya zuwa biyu, mai tauri irin oak ma yakan wuce haka.

A murhu mai ruwa matsalar ta ninka. Bangon aljihun ruwa ya fi cikin murhu sanyi nesa ba kusa ba, don haka hayaƙin ɗanyen itace yana taɓa shi sai ya daskare ya zama baƙar kwalta mai danƙo. Kwaltar ta hana zafi shiga ruwa, ta ci ƙarfe, ta hau bututun hayaƙi ta zauna tana jiran ranar da za ta kama da wuta.

Akwai ɗan ma'aunin danshi mai ƙusoshi biyu, ba shi da tsada. Kada ku soka shi a bayan itacen, nan kullum a bushe yake. Ku ɗauki guda daga tsakiyar tari, ku faskara shi, ku soka ƙusoshin a sabuwar fuskar da ta bayyana. Ko babu ma'auni ma akwai alamu: busasshe ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage, ɓawonsa na saɓulewa, in kun gwara biyu za ku ji ƙara garau. Ɗanye kuwa in ya shiga wuta za ku ji yana tsuwa, ku ga kumfa na fitowa ta bakinsa, gilashi ya yi baƙi cikin mintuna.

A Ingila, tun watan Mayun 2021, an hana sayar da ɗanyen itace in bai kai kubik mita 2 ba. Wanda aka tabbatar ya bushe yana ɗauke da tambarin Ready to Burn. Mai son rangwame ya sayi babban lodi tun bazara, ya faskara, ya jera a rumfa mai rufi wadda gefunanta ke buɗe, a ɗaga shi daga ƙasa a kan katako. Kada a naɗe tarin da leda ruf, gumi zai yi ya ruɓe. Kada kuma a jingina itace a jikin murhu wai don ya ƙarasa bushewa. Gobara da yawa daga nan ta fara.

7. Kwal da itace kowa da irin iskar da yake so.

Itace ya fi ci a kan shimfiɗar toka, iska na zuwa masa ta sama. Kwal kuwa sai iska ta ratso shi ta ƙasa. Shi ya sa murhun yake da rariyar ƙarfe mai hannu da ake girgizawa, da tiren toka a ƙarƙashi, da mashigan iska biyu. In itace kuke ƙonawa, wuta na kamawa ku rage ta ƙasa ku yi aiki da ta sama. In kwal ne, ku girgiza rariya toka ta zube, ku buɗe ta ƙasa.

Kwal marar hayaƙi, wato antarasait ko wanda aka cura a masana'anta, yana ba da zafi kusan ninki biyu na itace in an auna kilo da kilo, kuma yana daɗewa. Shi ne ke iya riƙe radiyetoci a dare mai tsananin sanyi. Tsohon kwal na gida mai baƙin hayaƙi an daina sayar da shi ga gidaje a Ingila gaba ɗaya daga watan Mayun 2023. A Jamhuriyar Ireland haramcin ya game ƙasa tun 31 ga Oktoban 2022, aka kuma hana sayar da ƙasar fadama a kantuna da ta intanet, ko da yake masu haƙƙin yanka suna ci gaba da yankar ta gidansu.

Shawarata kada a riƙa cakuɗa su a wuta ɗaya. Danshin itace in ya gamu da sinadarin farar wuta da ke cikin kwal, ruwa mai cin ƙarfe suke haifarwa, ya huda rufin cikin bututun hayaƙi tun bai tsufa ba. Mai yawan amfani da kwal ya nemi a sa masa rufin bututu mai lamba 904, ya fi mai lamba 316 juriya. Akwai kuma wani mai araha da ake samu daga ragowar tace man fetur, ana ce masa petcoke. Zafinsa ya wuce kima, yana lanƙwasa rariya, kuma kamfanoni da yawa sukan janye garantinsu in an yi amfani da shi.

8. Murhu ba bola ba ne.

Katako mai fenti, guntun kabad, katakon shinge da aka jiƙa da maganin ruɓa, roba, leda, ƙunzugun yara, tsumma: babu wanda zai shiga. Hayaƙinsu guba ne gare ku da maƙwabta. Kananzir da fetur kuma ba a hura wuta da su.

9. A hura daga sama, a bar wuta ta ci da ƙarfinta.

Ku jera manyan faskare biyu a ƙasa, ku gicciya ƙirare a kansu hawa biyu ko uku, ku ɗora abin kunna wuta a can sama, ku buɗe iska duka. Wutar za ta ci tana gangarowa, bututun hayaƙi ya yi saurin ɗumi ya fara ja, hayaƙi ya ragu sosai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika murhu da itace da dare, a toshe iska, wai don a tarar da garwashi da asuba. Itacen ba ci yake yi ba, turara yake yi, kuma daren nan guda zai shafa wa aljihun ruwa da bututu kwaltar da wuta mai kyau ba za ta tara a mako ba. Ku sayi ma'aunin zafi mai maganaɗisu ku manna a bututun da ke saman murhu. Allurarsa ta zauna a tsakiyar zangon da aka yi wa alama, wajen digiri 130 zuwa 250. Ƙasa da haka kwalta ake tarawa, sama da haka ƙarfe ake gasawa ana kuma asarar makamashi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: ruwan da ke dawowa murhu daga radiyetoci bai kamata ya dawo da sanyi ƙarara ba, don shi ke sa aljihun ruwa ya yi gumi ya yi tsatsa. Saboda haka ne aka saita inji kada ya tashi sai ruwa ya ɗauki zafi. Kada a gaji da jira a murɗa ma'aunin ƙasa don radiyetoci su yi saurin ɗumi.

10. Iskar da ba a gani, ba a jin warinta.

Mun san labarin tun daga gida. Da hunturu akan ji an shiga ɗaki da kaskon gawayi, an rufe ƙofa da taga, da safe a tarar da mutane babu rai. Iskar kabon monoksaid ce, kuma ita ce dai murhun nan ke fitarwa in bututunsa ya toshe ko iska ta yi masa kaɗan. Gidajen Turai ma sun fi namu rufuwa, tagogi gilashi biyu, ƙofofi da roba a baki.

Na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska dole ce. A Ingila da Wales doka ta wajabta ta ga duk sabon murhun da aka girka tun 2010, kuma a Ingila wajibi ne mai gidan haya ya sa ta a ɗakin da murhu yake. A sa ta tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhu. In a silin ne, ta yi nisan santimita 30 daga bango. In a bango ne, ta zarce tsayin ƙofa da taga, amma kada ta matse da silin. Ni dai zan ƙara wata a kusa da ɗakunan kwana. A riƙa danna maɓallin gwaji, a duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a jiki.

Za ku ga wata 'yar taga mai raga a bango ko a ƙasa kusa da murhu, iska mai sanyi na shigowa ta nan. Duk murhun da ya wuce kilowat 5 sai da ita, kuma masu ruwa kusan duk sun wuce. Uwargida, na san sanyin da take shigowa da shi yana damun ƙafa, amma don Allah kada a cusa mata tsumma, kada a jingina mata kujera. Ta nan wuta ke numfashi. Haka kuma fankar da ke zuƙe tururin girki, in tana ɗaki ɗaya da murhu, tana iya janyo hayaƙi ya dawo ciki.

Alamun sun yi kama da mura ko gajiya: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Abin lura shi ne in mutanen gida duka suka kamu a lokaci ɗaya, ko kuwa in an fita waje a ji sauƙi, in an dawo abin ya dawo. In ƙararrawa ta yi kuka ko kun ga haka, ku buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita, a kira 999 in wani ya jigata, a je asibiti a faɗa musu abin da ake zargi. Ba a sake hura murhun sai masani ya duba.

11. Toka tana riƙe wuta fiye da yadda ake zato.

A kwashe tiren kullum in kwal ake ƙonawa. In toka ta taru har ta taɓo rariya, iska ba ta sanyaya ta, sai ƙarfen ya lanƙwashe. A zuba a bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar waje nan take, nesa da bango da kwandon shara na roba. Bokitin toka mai zafi in an bar shi a kicin ko a baranda rufaffiya yana ci gaba da fitar da waccan iskar. Tokar itace zalla tana da amfani a lambu, ta kwal kuwa shara ce.

12. Sharar bututun hayaƙi da 'yan dube-dube.

Mai ƙona itace ya kira mai shara sau biyu a shekara, kafin sanyi ya shigo da kuma bayan an sha amfani. Mai kwal marar hayaƙi, aƙalla sau ɗaya. A karɓi takardar shaida. Wasu tsuntsaye dangin hankaka suna son yin sheƙa a bakin bututu da bazara, don haka a sa masa hular raga.

Sauran kuna iya yi da kanku, murhu a sanyaye. A cikinsa daga sama akwai wani farantin ƙarfe da hayaƙi ke kewayawa. A sauke shi wata-wata a share kunkunniyar da ta taru a kai, domin nan ne hanya ta fi saurin toshewa. A kankare jikin aljihun ruwa. A gwada igiyar bakin ƙofa: a maƙala takarda a rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, igiyar ta mutu, a sauya. Radiyetar da samanta ya yi sanyi ƙasanta da zafi iska ce a ciki, a sace ta da ɗan mabuɗinta. Duk lokacin da aka zubar da ruwan tsarin, a tabbatar an mayar da maganin hana tsatsa.

13. Ku san dokar hayaƙi ta unguwarku.

A watan Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana biyar, mutum aƙalla 4,000 suka mutu, ƙiyasin baya ma ya kai wajen 12,000. Daga nan aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta haifar da yankunan da aka hana fitar da hayaƙi. Mafi yawan manyan biranen Birtaniya suna ciki. A irin wannan yanki ba a ƙona itace sai a murhun da gwamnati ta amince da shi, in ba haka ba sai makamashi marar hayaƙi da ke cikin jerin da aka halatta. A Ingila tarar fitar da hayaƙi tana tsakanin fam 175 zuwa 300, sayen makamashin da ba a halatta ba kuma yana iya kai fam 1,000. Ƙaramar hukuma za ta gaya muku matsayin gidanku.

Ko babu tara, ƙurar hayaƙin itace tana shiga can cikin huhu. In a gidan akwai mai asma, ko jariri, ko tsoho mai ciwon zuciya, a rage buɗe ƙofar murhu, in za a buɗe a fara tsaga ta kaɗan a jira daƙiƙoƙi kafin a wangale. Wanda ke cikin gari kuma yana da gas, ban ga dalilin da zai sa ya mai da wannan murhu abin ɗumama gidansa na kullum ba.

14. Yara, tufafi da ruwan famfo.

Gilashin ƙofa da jikin murhu suna ƙona fata da taɓawa ɗaya. A kewaye shi da ragar kariya wadda aka ɗaure a bango, ba wadda yaro mai rarrafe zai ture ba. Dogon hijabi, bakin zani da hannun babbar riga a tattare su kafin a sunkuya zuba itace, a kuma sa safar hannu ta murhu. Shanya ta yi nisa da shi. Ruwan famfon zafi kuma, da yake babu mai tsayar da wuta, yakan wuce zafin da aka saba nesa. A riƙa fara zuba na sanyi a bahon yara, a kuma nemi mai aikin famfo ya sa bawul mai gauraya ruwa. Mai alwala da asuba ma ya taɓa da yatsa tukuna.

15. A raba aikin, a kuma yi tanadin bazara.

Murhun nan yana son mutum a gida. In maigida da uwargida duk suna aikin dare ko doguwar rana, za a riƙa dawowa gida mai sanyi, kuma radiyetoci sai wuta ta yi kusan awa guda kafin su amsa. Irin wannan gida yana buƙatar wata hanyar ɗumi mai agogo a gefe. A zauna a yanke wa ke kwashe toka, wa ke shigo da itace, wa ke duba wuta kafin a kwanta, kuma manyan yara su san abin da ake yi in bututu ya fara bugawa ko ƙararrawa ta yi kuka.

Da bazara ba za ku so hura wuta don ruwan wanka kawai ba. Yawancin tankunan suna da hita ta lantarki a ciki, ku nemi makunninta. In an daina hura murhu, a kwashe tokarsa tas, a share shi, a bar mashigan iska a buɗe don kada danshi ya zauna ya kawo tsatsa. A riƙa tayar da injin tura ruwa na 'yan mintuna kowane wata don kada ya ƙage. Itacen sanyi mai zuwa kuma a saye shi tun watan Mayu ko Yuni, lokacin da kasuwarsa ta kwanta kuma akwai sauran watannin da zai ƙara bushewa a rumfa.